Idon da Ke Gane Hannu: Waiwaye a Kan Zane a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Launi bai taɓa yawa a kudancin Katsina kamar yadda ya yi yawa a yau ba. Wanda ya bi titin Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara, ko ya ratse daga Sheme ya nufi Ƙanƙara, ko ya bi ta Dandume ya gangara Sabuwa, idonsa ba zai huta ba. Shagon sayar da kati an shafe shi da rawayar MTN ko jan Airtel, kemis da shagon cajin waya kowane da allonsa na leda da inji ya buga, fastocin 'yan takara sun hau bisa juna a bangon makaranta, gidajen bulo kuma an yi musu fenti kala-kala. Amma in aka tsayar da ɗan gari aka nuna masa ɗaya daga cikin waɗannan aka ce wa ya yi, da wuya ya iya faɗa, da wuya ma ya ga dalilin tambayar. Shekaru 60 ko 70 da suka wuce tambayar tana da amsa. Ana tsayawa gaban zaure a ce wannan hannun wane ne, ana ɗaga ƙwarya a ce wance ta ƙauye kaza ta zana ta, ana duban allon sauka a san tsangayar da ya fito. Abin da nake son kafawa shi ne, salon mai zane ba ya tsira a cikin kansa shi kaɗai. Yana bukatar mutanen da suka iya kallo, waɗanda za su bambance aikinsa da na maƙwabcinsa, su yaba, su kushe, su biya gwargwadon bambancin. Masu baiwa ba su ƙare a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba. Masu irin wannan kallo ne suka yi ƙaranci, kuma mafi yawan kukan da muke yi na mutuwar zanen gargajiya daga nan ya taso.

Kada a ƙara wa tarihi gishiri. Manyan gidaje masu zane tun daga tushe har zanko a birane suke, a Zariya da Kano da Katsina da Damagaram. Yankin nan ƙasar noma ce, ta dawa da masara da auduga, adonsa kuma daidai ƙarfinsa. Sai dai kuɗi sun shigo shi da wuri. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ga injin gurzar auduga a Funtuwa, ga gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Manomin da ya sayar da audugarsa da kaka, ko dillalin da ya tara ta wasu, abin da yake fara yi da rani shi ne gyaran gida, fuskar zaure kuwa ita ce wurin da ake nuna an samu. Magini yakan jira yaɓen ƙarshe ya sha iska, bai bushe ba bai kuma yi ruwa-ruwa ba, sannan ya ja layi da yatsa ko da tsinke. A kan layin yake ɗora ƙasar da ta kwana a kwaɓe, yana matse ta tsakanin babban yatsa da manuniya har ta yi tudu siriri, yana tsoma hannu a ruwa yana shafewa. Ba shi da takarda, ba shi da magogi. In dagin ya karkace, ko dai ya rushe ya sake tun ƙasar tana ɗanya, ko ya nemi dabarar da za ta mai da karkacewar ado. In an gama a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ta riƙe bango da damina ta kuma ba shi duhun ja, ko a shafe da farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ke zaune a kan arzikinta har masu masana'antu ke zuwa nemanta daga nesa. A cikin gida kuma fagen mata ne: ƙoren da aka zana da wuƙa mai zafi, fayafayai masu rini, da jeren ɗakin amarya, wanda shi ma tsara launi ne da girma da tazara, kuma akwai matan da aka sani da iya shi har ake aikawa a ɗauko su daga wani gari.

Akwai masu cewa, musamman cikin waɗanda suka karanta zane a makarantar boko, duk wannan sana'a ce kawai, ba a maganar salon mutum a cikinta, tunda dagi ɗaya ne, aska ɗaya ce, tambari ɗaya ne, ɗa ya gada wurin uba ya miƙa wa jika. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin magini bai ƙirƙiri dagi ba, kuma mai gida ba zai yarda a yi masa abin da ba a taɓa gani ba a ƙofarsa. Amma hujjojin da ke hannu sun fi ƙarfinta. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin shekarun 1830 da 1840, har yau ga mutum ɗaya ake jingina gininsa, Babban Gwani Mika'ilu, kuma unguwar zuriyarsa tana nan da sunansa. Azara da ƙasa da bakan gizo duk magina sun san su kafin shi, amma yadda ya ɗaure su, da irin zanen da ya tayar a jikin ginshiƙai, nasa ne. Har akwai ruwayar baka da ke cewa a Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa, aka kashe shi bayan ya gama wani ginin, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Ko ruwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, mutanen da suka riƙe ta suna yaɗa ta sun yarda cewa abin da ke hannun mutumin nan ba a samunsa a hannun wani. Haka nan a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, maginan Zariya suka fara sa keke da mota da jirgin sama da agogo a jikin bango, gefe da gefe da takobi da dagi, abin da ya ja hankalin Bature Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen a 1963. Babu kakan da ya bar wa jikansa zanen jirgin sama. Wani ne ya ɗaga kai ya gani, ya ji yana son ya sa shi a bango, ya kuma samo yadda zai zauna lafiya a cikin tsarin da ya gada. Kuma kada a ce sai birni. A Yama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya gina wa mutanen garinsa masallacin ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta daban, aikin da ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

To daga ina wannan bambancin yake fitowa, in kayan aikin ɗaya ne, siffofin ma ɗaya? Daga ƙuncin kayan aikin kansa yake fara fitowa. Wanda launinsa uku ne ko huɗu, ja da fari da baƙi da shuɗin baba, dole ya san halin kowane. Wanda ƙasa ke bushe masa a hannu cikin sa'a guda dole ya yanke shawara da sauri, kuma shawarar da mutum yake yankewa da sauri, shekara bayan shekara, ita take zama ɗabi'arsa: wani yana son layi mai kauri, wani yana cika fili har ba masaka tsinke, wani yana barin sarari ya huta. Sai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci, wato masu kallo. Da yake kowa a garin ya san yadda dagi yake, kowa zai iya ganin inda wannan magini ya saɓa, ya kuma yanke hukunci ko saɓawar gwaninta ce ko kasawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Dattawan da ke zaman hantsi a gindin bango, da matan da ke shiga ganin ɗaki ranar buɗar kai, da almajiran da ke zagaye allon zayyana ranar walima, su ne alƙalan wannan fage, kuma hukuncinsu yana da farashi, domin shi yake sa a kira wane baɗi a bar wane. A duba waƙa, inda wannan ido, ko a ce wannan kunne, bai taɓa mutuwa ba. Mamman Shata, wanda ya daɗe da zama a Funtuwa ya kuma rasu a 1999, da kalangu ya yi waƙa, kalangun da mahauta da 'yan mata suka sani tun kafin a haife shi. Amma babu Bahaushen da zai ji kiɗan na daƙiƙa biyar ya kasa cewa Shata ne, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba shi da salo don bai ƙirƙiri kalangu ba. Abin da muka yarda da shi ga mawaƙi shi muke hana magini da mai zayyana, alhali hanyar ɗaya ce.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba, kuma zuwansa na farko bai kashe hannu ba. Da kuɗin man fetur suka kwararo a shekarun 1970, aka yi ƙarin albashin Udoji, siminti da kwanon rufi suka zama alamar wanda ya waye. Magina suka bi su: suka koma tsaga zane a jikin siminti ɗanye, a cike da fentin gwangwani, kore da shuɗi da ja. Sai kuma wani sabon mai sana'a ya bayyana, mai rubutun allo da buroshi, wanda yake zana kawunan aski a ƙofar wanzamin zamani, da kofin shayi da burodi a teburin mai shayi, da zaki ko dawisu ko masallaci a bayan manyan motocin katako masu ɗaukar hatsi daga kasuwannin Dandume da Sheme. Siyasa ma ta ba shi aiki. Tun zamanin fartanyar NPC da tauraron NEPU ake zana alamar jam'iyya a bango, a 1979 kuma, lokacin ƙasar Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, mabuɗin PRP da gida da masarar NPN da hannu aka zana yawancinsu a garuruwa. Waɗannan masu buroshi ba su gaji kowa ba, amma an san su, direbobi suna gardama a tasha a kan wanda zakinsa ya fi kwarjini. Abin da ya yanke jijiyar shi ne injin buga leda da kwamfuta, wanda ya bazu daga shekarun 2000 zuwa yau. Mai shago yana tura hoto da rubutu ta WhatsApp zuwa Funtuwa ko Katsina, gobe direba ya kawo masa allonsa a naɗe, da araha, da sheƙi, babu kuskuren harafi sai wanda shi ya yi. Ba na zargin mai shagon, lissafinsa daidai ne. Abin lura shi ne abin da ya faru da idonsa. Ya daina tambayar wa ya iya, ya koma tambayar nawa ne ƙafa ɗaya. Mai gina gida ma haka: yana nuna wa mai fenti da mai silin hoton wani gida na Abuja ko Dubai a waya, ya ce irin wannan nake so, kuma gwanintar ma'aikaci ta koma iya kwaikwayo ba tare da an ga alamar hannunsa ba. Yaron da ya tashi a cikin wannan, ko da Allah Ya ba shi baiwa, darasin da kasuwa take koya masa kullum shi ne ya ɓoye kansa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa matsalar ta masu kallo ce tana hannun mata. Lalle bai mutu ba, bunƙasa ma ya yi. Mai ƙunshi a Ƙanƙara ko Faskari tana ganin zanen Indiya da na Sudan da na Larabawa a waya kamar kowa, tana amfani da sajan da rani na kanti, amma har yanzu amare suna layi wurin wance su bar wance, ƙawayen amarya suna kama hannunta su juya shi su ce wannan ai aikin wance ne, ga yadda take ƙarasa fure a wuyan hannu, ga siririn layinta. Waya ba ta kashe salo a nan ba, domin masu biya sun iya kallo kuma suna biyan bambanci. Haka hula. Ɗinkin hannu na ƙube, wanda mata da matasa da yawa a ƙauyukan nan suke ci da shi, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na inji, amma mai saye yana juya hular ya duba cikinta, ya ja zaren da farce, ya biya ninkin kuɗin ta inji yana murna. A babbar riga ma, masu sanin aska takwas da aska biyu da malum-malum suna bambance wanda ya zana da tawada kafin a ɗinka da wanda ya bi sawun wani. Duk inda aka sami masu saye da suka san abin da suke kallo, hannu yana nan da ransa, ko da inji ya shigo. Bango ne ya rasa nasa masu kallon, shi da allon shago da bayan mota.

Wasu za su ce addini ne ya kawo ƙarshen abin, wa'azi ya yi ƙarfi, mutane suka guji zane. Wannan bai dace da abin da ido ke gani ba. Hotunan mutane ba su taɓa cika garuruwan nan kamar yanzu ba, na 'yan siyasa da na malamai da na amare a jikin kalanda da kofuna. Kuma zanen da muke magana a kai mafi yawansa ba na abu mai rai ba ne. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, abin da malamai suka haɗu a kan haramcinsa shi ne mutum-mutumin abu mai rai, cikakke, mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe kuwa akwai saɓani a kansa, wasu sun karhanta, wasu malaman na wasu mazhabobi sun tsananta. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari da Muslim, inda ya ba mai sana'ar zane shawarar ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai, ya bar fili mai faɗi. A cikin wannan filin ne ma Bahaushe ya yi aikinsa mafi kyau. A dubi mai rubuta Alƙur'ani da hannu: alƙalamin gamba, baƙar tawada mai ƙaro, jan wasali, ɗigon rawaya na hamza, sannan a gefen shafi alamomin sumuni da rubu'i da hizifi da sajada, inda marubucin yake sakin hannunsa ya yi da'ira cikin da'ira, kowace daban da wadda ta gabace ta. Alarammomi suna buɗe mus'hafi su ce rubutun Sharu Bala Gabari ne na Kano, ba tare da sun duba ƙarshen littafi ba. Iyakar da addini ya sa ta yi wa mai zane irin aikin da ƙarancin launi ya yi wa magini: ta tura shi zurfi a cikin layi da ƙulli da maimaici. In akwai abin da ke barazana ga zayyana a yau, sitika ce da ake bugawa a manna a allon sauka, wadda iyaye ke karɓa saboda ba su ƙara sanin bambancin ba.

Matasan da suke zane yanzu suna da tasu amsar, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa duniya ta buɗe, ba dole sai dagi da aska ba, mutum yana da 'yancin ya ɗauko abin da ya burge shi daga ko'ina. Gaskiya ne, kuma maginin da ya sa jirgin sama a bango shi ne farkon wanda zai goyi bayansu. Abin da ke damuna shi ne abin da yawancinsu suke yi da wannan 'yanci. Salon da ya fi yaɗuwa a Facebook da TikTok shi ne a ɗauki hoton gwamna ko sarki ko tauraron Kannywood a kwafe shi da fensir har ya zama ba a bambance shi da hoto, a kai wa mai shi a karɓi tukuici. Akwai haƙuri da ƙwarewa a ciki, ba na raina su. Amma aikin da iyakar yabonsa shi ne kamar inji ya yi, mai shi ya cire kansa daga ciki da gangan. Wannan tambaya an yi ta kusa da mu tun da daɗewa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su ƙi koyon dabarun Turawa ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce dabarun su ne iyakar abin. Okeke, wanda ya girma a Kafanchan, ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya karanta zane a Landan a shekarun 1950, ya dawo Khartoum ya baje aikinsa, ya ga mutanensa ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da allo da launukan ƙasar da ya tashi a kanta, ya wargaza harafin ya fitar da siffofi daga cikinsa. Wannan aikin ne ya ɗaga sunansa har gidan baje kolin Tate Modern na Landan ya tara ayyukansa ya nuna a 2013. Abin lura a labarinsa shi ne, masu kallo na gida ne suka gyara masa hanya, da rashin zuwansu. Yaron Faskari da ya yi karatun allo, ya ga kakarsa tana zana ƙwarya, ya san launin gonar auduga da na dutse bayan ruwan farko, yana da taskar da ɗan Legas ko ɗan Faransa ba shi da ita. In ya bar ta ya tafi gasar kwafe hoto, ya shiga fagen da dubban mutane suka riga shi, kuma kowace waya ta fi su duka.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba ta amsuwa da sauƙi. Wane zane ake yi wa mutanen da ba sa kwana a gidajensu? A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma taƙaita harkar kasuwannin dabbobi. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma daji, iyalai sun cunkushe a Funtuwa da manyan garuruwa. Wannan ya taɓa zane ta hanyar da ba a cika faɗa ba. Adon ƙofar gida shela ce ta cewa mai gidan ya samu, kuma a inda ake sace mutum don kuɗin fansa, inda ake tsoron masu kai wa ɓarayin daji rahoto, mai hankali ba ya shela. Wanda kakansa ya kira magini ya ƙawata zaure, shi yanzu dogon bango yake yi marar fenti da ƙofar ƙarfe. Sannan koyon sana'a yana son zama wuri ɗaya shekaru, yaro yana miƙa wa ubangidansa ƙasa yana kallo, gudun hijira kuwa yana raba su. Duk da haka ban yarda a ce a ajiye maganar sai an zauna lafiya ba. Gidan ƙasa da aka gudu aka bari damina biyu ko uku ke ci, kuma kowane zaure mai zane da ya faɗi a ƙauyen da ya watse ya tafi da shaidar hannun da ba wanda ya ɗauki hotonsa. Tsofaffin da za su iya cewa wane ya yi wannan su ma suna tafiya. Kuma zane ba sai cikin jin daɗi ake yinsa ba: El-Salahi ɗin nan, da aka tsare shi wata shida a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba, a kan guntayen takardar buhun siminti ya riƙa zane yana binnewa a cikin yashi. Abin da yankin nan ya gani a shekarun nan, mawaƙa sun fara faɗarsa, 'yan jarida sun rubuta. Masu zane kuwa, waɗanda a cikinsu akwai yaran da abin ya faru a kansu, har yanzu ba a nemi su nuna yadda suka gan shi ba.

Ba ina kira a rushe bulo a koma tubali ba. Gidan ƙasa yana son yaɓe duk shekara, azara ta yi tsada tunda giginya ta yi ƙaranci, wanda ya huta da ɗigar soro kuma ba za a ce ya koma ba. Tarihin da aka bi a sama ya nuna hannu yana iya ƙaura, daga ƙasa zuwa siminti, daga siminti zuwa bayan mota, muddin akwai mai nemansa. Wuraren da za a iya nemansa yanzu sanannu ne. Masallatan unguwa da ake ginawa da kuɗin jama'a, mihrabinsu da ƙofofinsu ana iya ba mai zayyana na tsangayar garin maimakon a sayo tayil mai zanen da aka yi a Sin. Fadar hakimi da ta dagaci, da sakatariyar ƙaramar hukuma, su ne gine-ginen da kowa ke gani, kuma abin da aka yi a jikinsu shi attajirai suke kwaikwayo. Ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, waɗanda tafiyar sa'a ɗaya ko biyu ce ta raba su da Funtuwa, za su iya zama da tsofaffin magina da masu ƙwarya da suka yi hijira zuwa gari, su ɗauki siffofin da sunayensu da sunayen waɗanda suka yi su. Sai kuma bangon makarantar firamare. A garuruwa da yawa shi ne wuri na ƙarshe da yaro yake ganin zanen da mutum ya yi da buroshi: taswirar Najeriya, zuciya da huhu, haruffa, yaro yana wanke hannu. Yawanci ɗan kwangila ne yake kawo wanda ya fi araha ya kwafe daga littafi cikin kwana biyu. Shugaban makaranta da kwamitin iyaye suna da ikon cewa a bar bango ɗaya ga mai zanen garin ya yi abin da ya ga dama daga abin da ya sani, a rubuta sunansa a ƙasa, a kuma yi aikin lokacin da yara suke makaranta don su tsaya su ga yadda layi yake fita daga hannun mutum. Kuɗin bai wuce na galan biyu na fenti da ladan mako guda ba, kuma a cikin kasafin gyaran da ake yi dama yake.